Abala a Rumbun Hotunan Duniya

A ce matan wata ƙungiya masu yin cuku a wajajen Tukunus sun haɗa kuɗi za su buga takardar da za a riƙa liƙawa a jikin ledar kayansu. Uwar ƙungiyar ta tura saƙon murya ta WhatsApp ga ɗan ƙanenta da ke aikin zane da kwamfuta a Yamai, ta ce ya sa saniya, ya sa mace tana tatsa, ya sa sunan ƙungiya da lambar waya, kuma ya hanzarta don motar kasuwa ba ta jira. Yaron ba shi da kyamara. Ko da yana da ita, ba zai yi tafiyar kilomita 200 a kan aikin ƴan jakkuna ba. Abin da zai yi shi ne abin da kowane mai wannan sana'a ke yi daga Yamai har Kano: ya buɗe Canva ko Google, ya rubuta abin da yake nema da Faransanci, in bai dace ba ya gwada da Turanci.

Saniyar da za ta fito masa mai dabbare-dabbaren fari da baƙi ce, tsaye cikin ciyawa shar irin ta ƙasar Holan. In ya ƙara da sunan Afirka, sai a kawo masa makiyayin Masai na Kenya da jan mayafinsa. Zai ɗauki wadda ta fi dama-dama, ya goge bayanta, ya ɗora ta a kan launin rawaya, ya tura. Amma duk wanda ya tashi a Kurfai, ƙasar da Tukunus take ciki, kallo ɗaya zai yi ya san wannan ba saniyarsu ba ce. Saniyar Tukunus Azawak ce, ja-ja, mai tozo da gajerun ƙahoni, wadda tashar kiwo ta gwamnati da ke garin ta daɗe tana tace irinta saboda yawan nono. Shi kansa cukun abin kallo ne: a zuba nonon da aka sa wa makwarni ya kama jiki a kan ƴar tabarmar tsinke, a daidaita shi falle mai kusurwa huɗu, a shanya, in ya bushe sai ka ga layin tsinken ya zauna raɗau a jikinsa. Hoton wannan layin kaɗai ya isa ya sayar da cuku ga ɗan Filinge da ke ci-rani a Abijan ko Kwatano. Ga shi kuwa ana yin sa kullum, amma mai zanen da ke Yamai ba ya iya kai hannu gare shi.

Wannan giɓi shi ya kai mu ga wata sana'a da ba a cika maganarta a ƙasar Hausa ba, alhali kowa na cin moriyarta: tara hotuna a rumbu ɗaya, a tace su, a sa musu suna, a ajiye don masu zane, ƴan jarida, malaman makaranta da ƴan kasuwa su zo su ɗiba.

Yadda masu zane suka fara abin a gefe

Manyan kamfanonin sayar da hoto sun daɗe. Getty Images, wanda Mark Getty da Jonathan Klein suka kafa a 1995, shi ne uban tafiya, kuma farashinsa na manyan jaridu da kamfanonin talla ne. Abin da ya sauya kasuwar daga ƙananan masu zane ya fito, waɗanda suka gaji da neman abin da ba su iya saye. A shekarar 2000 wani mai zane a birnin Kalgari na Kanada, Bruce Livingstone, ya zuba hotunansa a intanet kyauta, ya kira wurin iStockphoto. Wasu suka riƙa kawo nasu suna ɗaukar na wasu, daga baya aka sa ɗan kuɗi kaɗan a kan kowane hoto. A 2006 Getty ya saye shi a kan dalar Amurka miliyan 50.

Labarin Unsplash ya fi kama da abin da yaron Yamai zai gane. A watan Mayun 2013 Mikael Cho da abokansa a Montiriyal sun ɗauki mai hoto ya yi musu hotunan da za su sa a shafin kamfaninsu, suka yi amfani da wanda suke so, saura suka rage. Maimakon su bar su a kwamfuta, sai suka zaɓi goma suka ɗora a Tumblr, suka ce kowa ya ɗauka ya yi abin da ya ga dama, kuma duk bayan kwana goma za a ƙaro goma. Abin lura a nan shi ne adadin. Intanet cike take da hotuna tun kafin wannan rana, abin da babu shi ne wanda zai zauna ya ce ga goma masu kyau, na duba muku. Aikin gefe ne, amma ya zo ya shafe ainihin kamfanin da ya haife shi.

Sai dai rumbun da aka cika a Montiriyal da Kalgari, fuskokin can ne a ciki. A 2017 Jacques Bastien, mai kamfanin talla a Niyok, ya buɗe Nappy saboda ya lura ko kofin gahawa mutum ya nema a waɗannan wurare, da wuya ya ga baƙin hannu riƙe da shi. A shekarar dai Karen Okonkwo, ƴar asalin Najeriya, da mai ɗaukar hoto Joshua Kissi, ɗan asalin Gana, suka kafa TONL, su kuma da kuɗi suke sayarwa. Kafin su, Josiane Faubert ƴar Gabon ta fara PICHA don hotunan Afirka ta yau. Duka sun yi aikin kirki. Amma wanda ya leƙa irin waɗannan rumbuna zai tarar mafi yawa mutanen birni ne: ofis, kwamfuta a cinya, gidan cin abinci. Afirkar Legas da Nairobi ta samu shiga. Ta ƙauye, ta Sahel, wadda ke jan guga da jaki, har yanzu ta ƙofar agaji take shiga.

Abin da aka ɗauka a Abala

Abala tana kan hanyar da ta taso daga Yamai ta bi ta Baleyara da Filinge, cikin kwarin Dallol Bosso, ba nisa da iyakar Mali. A 2011 aka cire ta daga Filinge ta zama gunduma mai cin gashin kanta, da Abala da Sanam a ƙarƙashinta, kuma ƙidayar 2012 ta samu sama da mutum 140,000 a cikinta. Hausawa Kurfayawa, Zabarmawa, Abzinawa da Fulani duk suna nan, kasuwa ɗaya suke ci, rijiya ɗaya suke sha.

A 2012 ne kyamarorin duniya suka iso. Yaƙi ya ɓarke a arewacin Mali, mutanen Menaka da Anderambukan suka tsallako, aka kafa musu sansani a Abala ƙarƙashin kulawar hukumar ƴan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wadda a Nijar aka fi sani da HCR. A watan Maris na 2017 aka sa dokar ta-ɓaci a gundumar tare da maƙwabtanta irin su Banibangu da Walam, kuma a ƙarshen watan Mayun shekarar aka kai hari garin aka kashe jami'an tsaro shida. Tun daga nan hoton Abala da ke yawo a duniya kusan iri biyu ne: tanti da layin jarkoki, ko soja a bayan mota.

Waɗannan hotuna ba ƙarya ba ne, kuma waɗanda suka ɗauke su sun sa ransu a hatsari. Da su aka nemo abinci da magani, babu mai hankalin da zai ce a daina. Matsalar ita ce kowane mai kyamara da ya zo, da takardar aiki ya zo, kuma takardar ita ke nuna masa inda zai duba. Wanda hukumar agaji ta aiko buƙata zai ɗauka, domin ita ce za a nuna wa masu ba da kuɗi. Wanda kamfanin labarai ya aiko sai an yi ɓarna zai zo. Babu wanda aka taɓa biya ya zo ya ɗauki ɗaurin damman gero bayan girbi, ko tela da kekensa ana jajibirin salla, ko ƴan makarantar boko suna fitowa da tsakar rana, ko gidajen bulo da aka gina wa ƴan gudun hijira bayan an koma tsarin ba su filaye su zauna cikin gari. Hausawa na cewa gani ya kori ji, to wanda bai taɓa zuwa ba, abin da aka nuna masa shi ne iyakar ganinsa.

Ba yau ƙasar Kurfai ta fara fita duniya ta idon wani ba. A 1925, a ƙauyen Shikal kusa da Filinge, wata mata mai suna Shibbo ta jagoranci tafiyar masu iskokin da aka kira Babule, waɗanda suka bijire wa sarautar da Faransawa suka naɗa, har aka kama su aka tsare. Abin ya bi ƴan ci-rani ya kai bakin teku da sunan Hauka, kuma can a Akara Jean Rouch ya ɗauki fim ɗinsa Les Maîtres fous wanda ya fito a 1955, fim ɗin da ƴan Afirka da dama suka ƙi jini tun ranar da aka fara nuna shi a Paris. Har gobe ana koyar da shi a jami'o'i. Ɗalibin da ya kalle shi ya san kumfar baki da juyewar ido, amma bai san yadda Shikal take ba.

A Maiduguri an samu wadda ta ƙi yarda da irin wannan. Fati Abubakar, wadda ta karanta aikin jinya, ta buɗe Bits of Borno a Instagram a 2015, lokacin da sunan Borno ba ya fita sai da bam. Ta riƙa ɗaukar ƴan makaranta, ƴan kasuwa, masu kwalliyar salla, tana rubuta abin da suka faɗa mata a ƙarƙashi. Kafin ita, a 2012, Peter DiCampo da Austin Merrill sun fara Everyday Africa da wayoyin hannu a Kodibuwa bisa wannan tunani. Darasin da ke nan ga Abala mai sauƙi ne: kyamarar ta riga ta iso, tana aljihun samari da ƴan mata. Abin da ya rage shi ne mai tarawa.

Aikin mai tarawa

Mutane na ɗauka tara hoto shi ne buɗe zaure a WhatsApp a ce kowa ya turo. Wannan tari ne kawai. Manomin Kurfai ba ya ajiye duk abin da gona ta ba shi a matsayin iri. Yana bi zangarniya-zangarniya, ya ware masu cikar ido, ya ɗaure su daban, ya rataye inda ɓera ba ya kaiwa. Haka mai rumbun hoto: cikin ɗari zai iya ajiye biyar, kuma ya san dalilin kowane.

Mai zane ne ya fi dacewa da wannan aiki, domin shi ya san abin da hoto zai fuskanta bayan an ɗauke shi. Ya san hoton da mutum ya cika shi baki da baki ba ya da inda za a sa rubutu, don haka yana neman wanda aka bar sarari a sama ko a gefe. Ya san allon talla a kwance yake, bangon littafi a tsaye. Ya san ranar tsaka tana ƙone farar riga ta duhunta baƙar fuska, don haka zai ce wa mai ɗauka ya fita da hantsi ko bayan la'asar. Ya kuma san abin da ya fi kashe hotunan ƙauye: in aka tura hoto ta WhatsApp yadda aka saba, manhajar tana matse shi, a waya ya yi kyau, a kan fosta ya farfashe. Sai an tura shi a matsayin takarda yake isa da cikakken ƙarfinsa, wannan kuwa yana cin data, a wurin da layin waya ke zuwa yana ɗaukewa. Mai rumbun da bai tanadi kuɗin datar masu turo masa ba, bai fara ba tukuna.

Sai sa suna, wanda a ganina shi ne rabin aikin. Hoton da ba a rubuta masa bayani ba, ba mai samun sa. Akwai Abala a yankin Afar na Habasha, akwai wata a Kongo Barazabil, ga Abalak ta jihar Tawa da ake yawan rikita su, ga kuma tsohuwar cutar haɗa Nijar da Najeriya. Shi ya sa kake ganin hoton wani gari a kan labarin wani. Bayani nagari zai faɗi gari, gunduma, wata da shekara, da abin da ake yi a hoton, da Hausa da Zabarmanci da Faransanci da Turanci. Kuma wanda ya san abin ne zai rubuta. Baƙo zai ce mace tana daka. Ɗan gida zai duba ya ce sussuka ce, ko surfe, ko ribɗi, don ya san ba ɗaya ba ne. Baƙo zai ce shanu, ɗan gida zai ce waɗannan Azawak ne, waɗancan masu dogayen ƙahoni na Bororo ne.

Wannan ya ƙara nauyi yanzu da manhajojin ƙirƙirar hoto suka shigo hannun masu zane. Daga hotunan da ke intanet da bayanan da ke ƙarƙashinsu suke koyo, shi ya sa a farkon 2023 Getty ya kai kamfanin Stability AI kotu yana zarginsa da kwashe masa hotuna sama da miliyan 12. Abin da ba a ajiye da sunansa ba, injin ba zai san shi ba, zai cike gurbin da abin da ya saba gani.

Inda abin yake da hatsari

Ba zan so wani saurayi ya karanta wannan ya fita da waya yana ɗaukar duk abin da ya gani ba. Abala ba Montiriyal ba ce. A wurin da aka sha hana hawan babur saboda tsaro, wanda ya ɗaga waya kusa da shingen jami'ai ko a bakin kasuwa yana iya jawo wa kansa zargin leƙen asiri daga kowane ɓangare. Waya tana iya liƙa wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi, ba tare da mai ita ya sani ba. Fuskar maigari, ko malamin makaranta, ko ma'aikacin likita, in ta fita da sunan ƙauye, tana iya zama sanadin a zo nemansa. Dole mai rumbu ya goge wannan bayanin wuri kafin ya saki hoto, ya kuma yarda cewa wasu hotuna, komai kyansu, a rufe za su zauna. Da yawa daga abin da masu zane ke buƙata ma ba ya neman fuska: hannu a kan ƙwarya, igiyar guga, rumbun gero, tulin albasa, ganyen shayi a buta.

Inda fuska za ta fito, sai da izini na gaskiya. Ɗaga kai ba izini ba ne in ba a gaya wa mutum inda hotonsa zai je ba. Ya kamata a ce wa tsohuwa: Inna, wannan hoton yana iya hawa kalanda, yana iya hawa allon talla a Yamai, wanda ba ki sani ba zai gan shi, kin yarda? In matar aure ce a san yadda gidan yake, in yaro ne a nemi iyayensa. A naɗi amsar da murya in ba a iya sa hannu. Akwai gidajen da ba sa son hoto sam saboda fahimtarsu ta addini, a bar su da ra'ayinsu. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da hukumar HAPDP da ke kula da ita, amma kafin doka akwai kunya da amana. Mun sha ganin yarinya lafiyayya an ɗora fuskarta a kan sanarwar yunwa ko ta wata cuta, saboda hoton na kyauta ne kuma ba wanda ya tambaya. A ƙauye irin wannan yana iya hana ta aure.

Nan ne maganar kyauta take da wuya. Lasisin Unsplash ya ba kowa damar yin kasuwanci da hoto ba tare da ko ambaton mai shi ba. Wannan ya dace da mai hoton da ke neman a san shi don a ba shi babban aiki gobe. Ɗan Sanam da ya ɗauki hoto da kuɗin datarsa ba shi da wannan goben. Wikimedia Commons ya fi adalci ta fuskar suna, domin lasisin da aka fi amfani da shi a can yana wajabta a ambaci mai hoto, kuma ta nan ne hoto ke shiga Wikipedia ta Hausa da ta sauran harsuna. Gasar Wiki Loves Africa, wadda aka fara a 2014 da hotunan abinci, ta buɗe wannan ƙofa, har Sani Maikatanga na Kano ya ci kyautar farko a 2023 da hoton ambaliyar Auyo ta jihar Jigawa. Amma shi ma Commons ba ya karɓar hoton da aka hana kasuwanci da shi, kuma in ka saki ba ka iya janyewa. Don haka ra'ayina a raba rumbun gida biyu. Wurare, dabbobi, abinci da kayan sana'a a sake su kyauta da sunan mai ɗauka. Hotunan mutane a riƙe su, wanda ke so ya faɗi abin da zai yi da su, ya biya. Ƙungiyoyin agaji da ke buga rahotanni masu sheƙi a kan wannan yanki suna da kasafin hoto, kuma ya fi musu araha su saya a hannun ɗan gari da su ɗauko wani daga Dakar da rakiyar soja. Kuɗin a raba shi tsakanin mai ɗauka, mai rumbu da wanda aka ɗauka.

Akwai kuma tsofaffin hotuna. Philippe Koudjina, wanda ya riƙe shagon Photo Souvenir a Yamai ya kuma rasu a 2014, ya bar tarihin birnin na shekarun 1960 da 1970, kamar yadda Malick Sidibé ya yi wa Bamako. Garuruwa irin Filinge ma sun yi masu hoton katin shaida da na biki, kuma abin da suka wanke yana cikin akwatunan gidaje, gara da zafi na cin sa. Waya mai kyau da inuwar zaure sun isa a kwafe su, muddin akwai dattijon da zai zauna ya faɗi wane ne wannan, wace shekara ce.

Duk wanda zai ɗauki wannan aiki, ko mai zane ɗaya ne da daren Asabar ɗinsa, ya rubuta tun ranar farko wa ke da rumbun. Hoto na wanda ya ɗauka ne, kuma ofishin BNDA da ke kula da haƙƙin masu fasaha a Nijar yana nan don irin wannan. A rubuta cewa aro aka ba rumbu, ba sayarwa ba, kuma ba za a miƙa tarin ga wani ba sai masu hotuna sun amince. iStockphoto ya fara da kyauta ya ƙare a hannun Getty. Rumbunan hoto na Pexels da Pixabay sun koma hannun Canva a 2019. Unsplash, da dubban masu hoto suka cika shi ba a biya su ko sisi ba, Getty ya saye shi a 2021.